Tayoyin ƙaramar taraktar lambu: wacce zan saya, kuma yaya ake ɗaura ta?

Tambaya: Na sayi ƙaramar tarakta wadda aka taɓa amfani da ita, irin ta lambu da ake shigowa da ita daga Amurka. A jikin tayoyin baya an rubuta 23x10.50-12, na gaba kuma 16x6.50-8. Ina yanke ciyawa da ita a ƙarƙashin mangwaro da gwaiba, ina jan 'yar tirelar taki, kuma ina so in fara jan ƙaramar garma a wajen kayan miya. Tayoyin duk sun tsattsage, kullum safiya sai na ba su iska, in kuma an yi ban-ruwa sai ta tsaya wuri guda tana wulwula taya. Mai shago ya ce ba shi da lambata, amma yana da wadda ta ɗan fi girma. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka karɓa tukuna. Kafin mu isa shago ina so ka riƙe abu guda, don duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya. Tayar mota an yi ta ne ta sha iska mai yawa ta yi gudu a kan kwalta. Taka an yi ta ne ta sha iska kaɗan, ta baje a ƙasa, ta ja kaya a hankali. Shi ya sa a jikin yawancinsu za ka ga haruffa NHS, ma'ana ba ta hawa titi ba ce. Mai shago da mai faci kuwa duk da idon tayar mota suke kallonta, kuma daga nan ɓarnar take farawa.

Lambobin da ka karanto su ne rabin amsarka. A 23x10.50-12, lamba ta farko tsayin tayar ne gaba ɗaya in an cika ta da iska, inci 23. Ta biyu faɗinta ne, inci 10 da rabi. Ta ƙarshe girman rim ɗin da take hawa, inci 12. Haka ta gaba: tsayi 16, faɗi 6 da rabi, rim 8. Abin da mai shago yake nufi da “za ta shiga” shi ne lambar ƙarshe ta yi daidai, kuma gaskiya ya faɗa, 26x12.00-12 za ta hau rim ɗinka. Amma rim yana da nasa faɗin da ba a rubuta a jikin taya ba. Naka na baya zai yi wajen inci 8 da rabi, ita kuwa waccan tana son mai inci 10 da rabi. In ka matse ta a kan siririn rim sai tsakiyarta ya kumburo, gefunan su ɗaga daga ƙasa, ka biya kuɗin faɗin da ba ka taka ƙasa da shi. Ga ƙarin inci 3 na tsayi: za ta iya gogar madigad ko farantin yankan ciyawa, bayan tarakta zai ɗaga, farantin ya karkata, yanka ya daina fita daidai. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuma shi ne doguwar taya tana ƙara gudu ne ta rage ƙarfin ja. Daga 23 zuwa 26 ka yi asarar sama da kashi 10 cikin 100 na jan da kake nema don garma, giyar kuma ta ƙara wahala.

In dole ta kama, lambarka ta ƙi samuwa, ka riƙe ta farko da ta ƙarshe, ka yi sassauci a ta tsakiya, kamar 23x9.50-12. Tsayi bai canja ba, kuma a ƙasar lambu taya mai ɗan sirantaka ta fi cizo.

Akwai wani salon rubutu mai lamba biyu kawai, kamar 6.00-12, wanda za ka yi ta gani a kan taraktocin nan na China masu taya biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannu. A nan lamba ta farko faɗi ce, ba tsayi ba. Tayar ta fi taka sauƙin samu a kasuwanninmu, kuma tana da kyau ƙwarai a tsakanin kunya, sai dai rim ɗinta siriri ne, bai wuce inci 5 ba. A kan naka ba za ta zauna ba. Wanda yake son ta sai ya nemi siraran rim masu ramukan noti daidai da nasa, ya ajiye su a matsayin ƙafafun noma, ya riƙa sauyawa. Tsofaffin taraktocin lambu na Amurka da yawa da irin wannan siririyar tayar suka fito daga kamfani.

Masu ƙananan taraktocin Kubota, Yanmar ko Iseki waɗanda tayoyi huɗu ke ja, ku kam ba ku da wannan sassaucin ko kaɗan. An tsara giyar ne yadda tayoyin gaba za su ɗan riga na baya gudu da kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Ka canja girman na gaba ko na baya shi kaɗai, gaba da baya su shiga kokawa da juna, kuma haƙoran giya ne za su biya.

Yanzu zanen taya, inda matsalar wulwularka take. Kusan tabbas abin da ke kan taraktarka tayar ciyawa ce, mai ƙananan ƙwayoyi a jere, wadda ake yi wa lamba R-3. An yi ta ne don filin ciyawar gidajen Turawa, burinta kada ta bar sawu. Da ta haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa laka take cike ramukanta, ta zama sulɓi, shi ke nan ta tsaya. Kishiyarta ita ce mai manyan haƙora a karkace irin na babbar tarakta, R-1, wadda ke tona ƙasa ta watsar da laka gefe yayin da take juyawa. Tsakaninsu akwai R-4, mai gajerun haƙora masu faɗi, wadda ta fi jure tsakuwa da daɓe amma a laka ba ta kai R-1 ba. Na sha ganin mutane sun zaɓi ta tsakiyar don su sami duka biyun, sai su tarar a lambu tana santsi, a ciyawa kuma tana barin tabo.

A wurinka ni R-1 zan sa a baya, ban ma yi dogon tunani ba. Ciyawar ƙarƙashin mangwaro ba ta ado ba ce, rage ta kake yi don maciji da gobara. Abin da za ka rasa shi ne in ka yi kwana mai tsini a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa haƙoran za su yage ta, kuma a kan busasshiyar hanya za ka ji jijjiga a kujera. Da filin ƙwallo kake kula da shi ko harabar otal, da na ce ka tsaya a kan R-3. A gaba kuwa ba ka bukatar haƙora tunda ba su ke ja ba. Mai dogayen layuka da suka zagaye tayar ta fi riƙe hanya a sassauƙar ƙasa, sitiyari kuma ya fi laushi da ita. In ba a samu ba, ta ciyawa ma ta wadatar.

Amma kafin ka kashe kuɗi saboda garma, tsuguna ka dubi yadda aka kama ƙafar baya. In noti 4 ko 5 ne suka riƙe rim a jikin faranti, alama ce mai kyau, yawanci irin waɗannan ne aka gina don jan abin da ke shiga ƙasa. In kuwa rim ɗin zura shi aka yi a kan sandar ƙarfe guda, aka tare da washa da kilif, to injin yankan ciyawa ne mai siffar tarakta. Giyar irin waɗannan, musamman mai aiki da mai wadda ake takawa gaba da baya ba a canja lamba, ƙarama ce. Santsin da tayar ciyawa ke yi shi ne yake kare ta ba ka sani ba. Ranar da ka ba ta haƙora da nauyi ka ɗaura mata garma, tayar ba za ta ƙara zamewa ba, duk wahalar sai ta koma cikin giya, mai ya yi zafi, ƙarfi ya riƙa raguwa har ta kasa hawa ɗan tudu. Rim 12 da kake da shi yana ba ni fata, amma duba da idonka, ka kuma nemi littafin injin a intanet da lambar da ke ƙarƙashin kujera.

Wani zai ba ka shawarar tayar Keke Napep a gaba, tunda 4.00-8 ce, rim 8 kamar naka, ga ta a kowane lungu. Rim ɗin keke faɗinsa wajen inci 3 ne, naka ya haura 5. Ko an yi dabara ta hau da tiyub, leɓenta, wato bakinta da ke kama rim, a buɗe zai zauna, kuma siririyar taya mai tauri nitsewa take a ƙasar da aka yi wa ban-ruwa.

Sai lambar da ke gaban haruffa PR, wato 2PR, 4PR ko 6PR. Ma'aunin ƙarfin jikin taya ne, ba lallai adadin shimfiɗun zaren da ke ciki ba. Yawancin waɗannan injuna da 2PR suke zuwa, don a can babu abin da ke huda su sai tsautsayi. Mu kuwa muna da ƙayar aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, ga tsidau, ga kututturen karan dawa da masara bayan girbi wanda ke tsaye da kaifi. Kada ka sauka ƙasa da 4PR. In gonar ta yi ƙaya sosai ko tirelar tana da nauyi, 6PR a baya ba ɓarnar kuɗi ba ce, sai dai ta fi tauri, ta fi wuyar ɗaurawa, kuma ba ta bajewa kamar 4PR.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa. Irin taka ba ta da kasuwa sosai, don haka tana iya shekaru a lungun shago tana shan zafi kafin mai saye ya zo. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sai ka yi cigiya, wani lokaci a aiko maka daga Legas. Sunayen da za ka fi cin karo da su a wannan girman su ne Carlisle ta Amurka, Kenda ta Taiwan, BKT ta Indiya da Deestone ta Thailand, da tarin na China masu sunaye iri-iri. Ban damu da suna ba kamar yadda na damu da shekaru. In akwai lambobi 4 a cikin ɗan zagaye a gefen tayar, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1823 na nufin mako na 18 a 2023. Ƙananan tayoyi da yawa ba su da wannan, to sai ka sa hannu. Danna gefen tayar ya lanƙwashe a wurin haske, ka duba ko ƙananan tsaga za su buɗe baki. Duba tushen haƙora. Bi leɓen da yatsa, wato zoben nan mai waya a ciki da ke kama rim, ka tabbata bai karye ko ya yage ba. Tayar Beljiyam a wannan girman ban cika son ta ba. Waɗannan tayoyi ba cinyewa suke yi ba, tsufa ke kashe su, sai ka ga zane cif kamar sabuwa alhali robar ta bushe. Irin ta ce a kan taraktarka yanzu. Araha ba ta ado.

Ka sayi biyu tare, kamfani ɗaya, zane ɗaya. Lamba ɗaya daga kamfanoni biyu tana iya bambanta da kusan inci guda a tsayi, kuma a farantin yanka za ka ga wannan bambancin.

Batun tiyub ana yawan gardama a kai. Tayoyin nan marasa tiyub ne daga asali, kuma a ƙasar ƙaya wannan alheri ne: in ta hudu sai a cusa igiyar faci daga waje ba a cire ƙafa ba, ko a zuba ruwan nan mai kauri da ke toshe ƙananan huji da kansa tun kafin a fara aiki. Mai tiyub kuwa kowace ƙaya sai an kwance an ɓare. Don haka in rim ɗinka lafiya yake, bar ta ba tiyub. Tiyub na wanda tsatsa ta ci wa bakin rim ne har iska ke zurara ta nan, ko wanda zai cika taya da ruwa. In za a sa, a sami mai lambar tayar daidai. Wanda ya yi girma ninkewa yake a ciki, wurin ninkin nan kuma shi ke tsagewa.

Ranar aiki, ajiye ta a daɓe mai lebur, cire makulli, zare wayar fulogi, sa duwatsu ko katako gaba da bayan ƙafafun da ke ƙasa. Sassauta notoci tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Jak a ƙarƙashin ƙarfen jiki ake sa shi, ba a ƙarƙashin akwatin giya ba, don da yawa na alminiyam ne, fashewa yake. Tokare da guntun katako mai kauri. Bulo yana rugujewa ba sallama. In ƙafarka irin mai zurawa ce a kan sanda, akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke kwance a cikin tsagin sandar, makanikai na ce masa ki. Shi kaɗai ke haɗa sanda da rim. Yakan faɗo cikin ƙasa ba a gani ba, a gama ɗaura sabuwar taya, a tayar da inji, a taka, tarakta ta ƙi motsi, hankali ya tashi a ce giya ta mutu. Sa shi a aljihu tun farko, ka kuma jera washoshi yadda ka zare su. A ƙafafun gaba, tunda an riga an buɗe, girgiza ka ji ko bush ko boris ya ci, ka sa giris.

Ƙaramar taya ta fi babba taurin kai wajen ɓarewa da ɗaurawa, musamman ta rim 8, don haka kai wa mai faci ba abin kunya ba ne. Amma ka tsaya a kansa. Bayan an cire tsohuwar, a goge bakin rim da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito, a shafa fenti a bar shi ya bushe. Taki, musamman na zamani, yana cin rim, kuma da yawa daga cikin tayoyin da ake cewa suna sacewa ta nan suke sacewa. A sa sabon bawul, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sabuwar tayar a shanya ta a rana ta yi laushi. In ta zo a matse, leɓunanta sun haɗe saboda ɗaurin kwantena, a sa guntayen katako a tsakani su buɗe ta kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Abin shafawa ruwan sabulu ne kawai. Baƙin mai da giris, waɗanda hannun mai faci ya fi saurin kaiwa gare su, suna lalata roba, kuma ba sa bushewa, sai taya ta riƙa zamewa a kan rim lokacin ja, in da tiyub ta tsinke masa bawul. Rim yana da kwari a tsakiya, kuma kwarin ya fi kusa da ɗaya daga cikin bakunansa biyu. Ta wannan bakin ake shigar da taya. Sirrin aikin duka shi ne a danna leɓen ɓangare ɗaya ya faɗa cikin kwarin, sannan ɗaya ɓangaren ya sami sararin hayewa da ƙarfen ɗaurawa, kaɗan-kaɗan. In ka ga ana ta dukan leɓe da guduma ana nishi, leɓen bai shiga kwari ba ne, kuma saura kaɗan a karya wayar.

Mai haƙora tana da gaba da baya. In ka tsaya a bayan tarakta ka dubi saman tayar, tsinin da haƙoran suka haɗu ya nuna gaba, wajen inji. Yawanci akwai kibiya a gefe da ke nuna juyin. Sawun da za ta bari a ƙasa zai nuna baya, kada wannan ya ruɗe ka, haka yake daidai. Tayoyin biyu iri ɗaya ne, amma ɗaurinsu a kan rim kishiyar juna ne, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Jingina rim biyun a bango yadda za su zauna a jikin tarakta, bawul a waje, ka yi musu alama da alli kafin a fara. In ba haka ba za a ɗaura maka na dama guda biyu, sai an sake ɓare ɗaya.

Wajen zaunar da leɓe, a cire allurar cikin bawul don iska ta shiga da yawa lokaci guda. In tana fita ta gefe, a zagaye tsakiyar tayar da bel ɗin ɗaure kaya ko igiya a murɗa da sanda, leɓunan za su buɗe su taɓa rim. Da ta fara kamawa a saki igiyar, kada a bari sai ta cika. Za ka ji ƙara sau biyu, leɓe na ciki da na waje. Gargaɗin da kamfanoni ke bugawa a jikin tayoyin noma shi ne kada a wuce psi 35 (psi ma'aunin iskar taya ne) wajen wannan aikin, in kuma an rubuta ƙasa da haka a jikin taka, bi nata. Ta ƙi zama? A sace iskar, a ƙara sabulu, a sake. Kada kowa ya sunkuya a kanta ko ya sa yatsa a bakin rim. Dabarar nan ta zuba fetur a ƙyasta ashana da ake nunawa a bidiyo, kada ka yarda a yi ta a kan kayanka ko a gabanka. Bayan ta zauna, duba siririn layin da ya zagaye tayar kusa da rim, nisansa da bakin rim ya zama ɗaya ko'ina, sannan a zuba ruwan sabulu a nemi kumfa. Mai tiyub kuwa a barbaɗa masa hoda, a ba shi iska kaɗan ya ɗauki siffa kafin a rufe leɓe na biyu, a cika, a sace, a sake cikawa don ninki ya warware.

Ga inda na ce ka fi tsayawa. Mai faci ya saba da 35 da 40, zai ba taka haka, ya buga ta da ƙarfe ya ce ta yi. Irin wannan tarakta yawanci psi 10 take so a baya, 14 a gaba, ko kusa da haka, littafinta zai faɗa maka daidai. Lambar da ke jikin taya, 20 ko 28, iyaka ce ta ɗaukar kaya mafi nauyi, ba ita ce ta aikin kullum ba. Taya mai haƙora da aka cika ta yi tauri a kan tsakiyarta kawai take tsayawa, haƙora biyu ko uku ke taɓa ƙasa, sai ka ga sabuwar taya tana wulwulawa kamar tsohuwar, ƙaya kuma ta fi saurin shigarta. In ta yi ƙasa da yawa kuma gefe ke lanƙwashewa ya tsage, leɓe ya saki a kwana. Gejin mota ba ya karanta 10 da kyau, allurarsa da kyar take motsi a nan. Sayi naka mai tsayawa a 20 ko 30, ka riƙa aunawa da safe kafin rana ta buga. Dama da hagu su zama ɗaya, don bambancin psi 2 ya isa ya karkatar da farantin yanka.

In bayan duk wannan tana zamewa da garma, nauyi ne ya yi mata kaɗan. Ɗan zamewa a noma ba laifi ba ne, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 shi ake so ma. Ana cika taya da ruwa zuwa kashi uku cikin huɗu: a juya bawul ya koma sama, a zuba har ya kai bakinsa, sauran a bar wa iska. Taya irin taka tana shan fiye da lita 20, wato fiye da kilo 20 kowace ƙafa, kuma nauyi ne da ke zaune a ƙasa, bai hau kan sandar giya ba. A ƙasashen sanyi sai sun haɗa da sinadarin hana daskarewa, mu ruwan rijiya ya ishe mu. Sai dai ruwa da maganin toshe huji ba sa haɗuwa, kuma facin taya mai ruwa wahala ne. A gona mai ƙaya na fi son nauyin ƙarfe ko na kankare da ake ɗaurewa a cikin rim ta ramukan da aka tanada, a cire shi in an koma yankan ciyawa.

Wajen mayar da ƙafa, kama notocin da hannu duka tukuna, sannan ka ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ka ƙarasa bayan ta sauka ƙasa. Ka sake bin su da sifana bayan aikin yinin farko, don sabon fenti yana kwantawa su saki. Daga nan ka koma kan daɓe, ka auna tsayin wuƙar yanka daga ƙasa a dama da hagu, ka daidaita farantin, domin sabuwar mai haƙora ba lallai tsayinta ya zo ɗaya da tsohuwar ba ko da lambar ɗaya ce. Wurin ajiya kuma ya zama inuwa, nesa da janareta da injin walda da inda ake zubar da man dizal, kuma kada ta kwana a kan taki.